Taura Biyu a Jami'a: Yadda Ake Haɗa Fanni Biyu a Digiri Ɗaya a Saudiyya

Tun da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fara fitowa, tambaya ɗaya ke ta dawo mini ta bakuna daban-daban. Wani ya ce an ba shi Shari'a amma ransa yana kan harkar banki. Wani yana Larabci, yana son ya haɗa da kwamfuta. Wata ƙanwarmu haifaffiyar Jidda ta ce babanta na son ta yi addini, ita kuma akanta take so, ko akwai yadda za a yi kowa ya samu nasa? Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma gaskiyarsu in dai tare za a cusa su a baki. Ana iya haɗa fanni biyu a jami'o'in Saudiyya, amma aiki ne na lissafi da takarda, kuma tun shekarar farko ake fara shirinsa. Zan yi magana da "ka" don sauƙi, 'yan'uwa mata duk da ku nake.

1. Tantance gindi da reshe

Kafin ka taka ofishin kowa, zauna ka amsa wa kanka: in aka ce takarda ɗaya tak za ka koma gida da ita, wane suna kake so a rubuta a kanta? Wannan shi ne gindi. Ɗayan reshe ne, ko da kuwa shi ka fi ƙauna.

Ka'idar da nake bai wa ƙannena ita ce, fannin da ke da hukumar ba da lasisi shi ake yi wa gindi. Injiniya a Najeriya sai ya bi ta COREN, likita sai MDCN, kuma babu ɗayansu da zai karɓi 'yan darussan da ka tsinta a gefe a matsayin digiri. Shi kuwa ilimin addini ƙofofinsa da yawa: ga halƙoƙin Harami a Makka, ga na Masallacin Annabi a Madina, kyauta, a gaban manyan malamai. Wanda ya yi injiniya yana zama a gaban malami bayan magariba shekara biyar ya haɗa fanni biyu, ko da takardarsa ba ta faɗa ba. Amma in burinka koyarwa a jami'a a sashen Shari'a ko alƙalanci, to Shari'ar ce gindi, tattalin arziki ya zama reshe.

Gargaɗi: duba takardarka ta sakandare. Wanda ya fito daga ajin adabi ba a cika buɗe masa kwalejin kimiyya ko injiniya ba, kuma waɗannan fannonin da Turanci ake koyar da su a yawancin jami'o'in nan. Likitanci kuwa kada ma ka sa ran haɗa shi da wani abu a hukumance. Jadawalinsa a cike yake dam.

2. San hanyoyin da ake da su

Ba kowace jami'a ke da kowace hanya ba, shi ya sa zan ba ka sunayensu yadda ake faɗarsu a ofis, don ka san abin da za ka tambaya.

Ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce fannin da tun asali a haɗe yake. Iƙtisadil Islami fiƙihun mu'amala ne da tattalin arziki a tukunya ɗaya. Nuzumul ma'alumat kwamfuta ce da sha'anin gudanarwa. Anzima, wato sunan da ake kiran karatun doka a nan, takan zo da kaso mai tsoka na fiƙihu. Duk wanda ya samu irin wannan ya huta da rabin abin da zan faɗa a ƙasa.

Ta biyu ita ce takhassus far'i: kana kan fanninka, ka ɗauki wani gungun darussa da aka tsara daga wani sashe, a rubuta maka shi a takarda. Ta uku takhassus muzdawaj, inda fannonin biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ita ce mafi nauyi, ita ce kuma aka fi tsananta wa sharuɗɗa.

Ta huɗu babu mai tallata ta, alhali kusan kowa na iya yin ta. Kowane tsarin karatu yana da 'yan darussan zaɓi, mawad ikhtiyariyya ko hurra. Yawancinmu mukan cika su da duk abin da aka ce malaminsa ba ya matsawa. In ka tattara su duka a fanni guda, a ce ƙididdiga da akanta da tushen tattalin arziki, ka gina wa kanka ɗan reshe da zai fito a sijil ɗinka, wato takardar sakamakon darussa.

Ta biyar ita ce jinkirtawa: ka kammala gindi, ka yi reshen a digiri na biyu. Sashen da ya karɓe ka zai iya ɗora maka mawad takmiliyya, darussan cike giɓi, kuma a nan ne darussan zaɓin nan da ka tattara suke rage maka hanya.

Gargaɗi: kada ka yi dabarar neman gurbi a jami'o'in Saudiyya biyu lokaci guda. Cikin sharuɗɗan minha, wato gurbin karatu na kyauta, akwai cewa ba ka riƙe da wata minhar daga wata makaranta a ƙasar. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, ma a hannun jami'arka take in daga waje ka zo.

3. Samo takardu uku

Na farko khuɗɗa dirasiyya, tsarin darussan fanninka daga zangon farko zuwa na ƙarshe, da kuma ta fannin da kake sha'awa. Na biyu la'iha, dokokin karatu da jarrabawa, tare da ƙa'idojin da jami'arka ta ɗora a kai, domin dokar ta ƙasa ce amma kowace jami'a da yadda take zartar da ita. Na uku taƙwim, kalandar shekara, mai nuna ranar buɗe rajista, ranar neman canjin fanni da ranar rufewa. Galibi ana samunsu a shafin Imadatul Ƙabul wat Tasjil, ofishin ɗaukar ɗalibai da rajista.

Ka tabbatar khuɗɗar ta shekarar da ka shiga ce. Sassa sukan sabunta tsari, sai ka ga ɗan aji huɗu da ɗan aji ɗaya suna fanni guda amma darussansu sun bambanta. Shi ya sa "ai a lokacinmu haka aka yi" na manyan ɗalibai ba hujja ba ce, duk da kyakkyawar niyyarsu.

4. Zauna ka yi lissafin sa'o'i

Nan ne gwari-gwarin aikin, kuma nan ne mafi yawan masu zumuɗi suke faɗuwa. Kowane darasi yana da nauyinsa da ake kira sa'a mu'utamada, galibi 2 ko 3 ko 4. Digirin farko ba ya gaza sa'a 120, da yawa sun haura haka. Zango cikakke mako 15 ne, kuma akwai iyakar sa'o'in da na'ura za ta yarda ka ɗauka a zango guda, iyakar da takan danganta da makinka.

Samu babbar takarda, ka ja gida takwas, kowane gida zango ɗaya. Ni a bangon ɗaki na manna tawa, saman gado, kusa da jadawalin lokutan salla. Zuba darussan gindi da baƙin biro yadda khuɗɗa ta jera su, ka rubuta jimillar sa'o'i a ƙasan kowane gida. Sannan ka ɗauko jan biro ka fara neman wa darussan reshe wurin zama.

A ce fanninka sa'a 132 ne a zango takwas, kusan 16 ko 17 ke nan kowane zango. A ce reshen sa'a 24 ne, kuma ba za a ba ka damar farawa ba sai ka gama shekarar farko. Zango shida suka rage, kowanne zai ƙaru da sa'a 4, ka koma 20 ko 21. In iyakar jami'arka ba ta kai nan ba, lissafin bai fita ba, sai ka nemi mafita tun yanzu: darussan da sassan biyu suka yi tarayya a kansu, darussan zaɓi da za a yarda reshe ya maye gurbinsu, ko zangon bazara.

Sai kuma mutaɗallab sabiƙ, darasin da dole ka ci kafin a buɗe maka na gaba. Ja kibiya daga kowane darasi zuwa wanda ya dogara da shi, za ka ga wasu sarƙa ce mai tsawo: lissafi na ɗaya, sannan ƙididdiga, sannan wani da ke kan ƙididdigar. Sarƙar da ta fi tsawo ita za ka fara kamawa. Ka kuma tambaya wane darasi ne sau ɗaya ake buɗe shi a shekara. Wani abokin zamana ɗan Gusau ya bar darasi guda mai sa'a 3 yana cewa sai zango mai zuwa, ashe a zangon farko kawai ake ba da shi, kuma darussa biyu na jiran sa. Shekara guda cur ta ƙaru masa a kan wannan.

Gargaɗi ga 'yan'uwa mata: darasi na iya kasancewa a khuɗɗa amma ba a buɗe ajinsa a ɓangaren mata ba a wannan zangon. A tambayi ɓangaren mata kai tsaye.

Gargaɗi kan shekaru: minhar digirin farko ta 'yan shekara 17 zuwa 25 ce. Wanda ya shigo yana 24, ya yi shekara 2 a ma'ahadin koyon Larabci, ya yi 4 a kwaleji, yana da 30 zai fita. A Najeriya wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa. In kana da buƙatar wannan shekarar, ƙarin zango biyu ba ƙaramin abu ba ne.

5. Gyara mu'addal kafin ka nema

Babu sashen da zai karɓi baƙo mai rauni. Abin da za su fara dubawa shi ne mu'addal tarakumi, matsakaicin makinka tun daga farko. A jami'o'in da ke auna shi bisa 5, wanda ya ci 95 zuwa sama yana da 5.00, 90 na da 4.75, 85 na da 4.50, 80 na da 4.00, haka yake sauka har 60 mai 2.00, wanda ya faɗi kuma 1.00. Wasu jami'o'in bisa 4 suke aunawa, duba naka.

Ga yadda darasi ɗaya ke jan mutum ƙasa. Ka ɗauki darussa biyar na fanninka, kowanne sa'a 3, ka ci 4.75 a duka. Sai ka ƙara lissafi mai sa'a 4 daga reshe, ka tsallake da kyar da 2.00. Jimillar maki 79.25, a raba da sa'a 19, ka koma 4.17. Mumtaz, matakin ƙoli, daga 4.50 yake farawa, ka ga a wannan zangon ka zama jayyid jiddan, mai bi masa, saboda darasin da ba a tilasta maka ba. In kuwa faɗuwa ka yi, ka sauko 3.96, sannan ka yi sallama da martabar sharaf, wato karramawar da ake yi wa waɗanda suka kammala da maki mai yawa, domin ba a ba da ita ga wanda ya taɓa faɗuwa ko da darasi ɗaya. Ga mai son ci gaba da digiri na biyu a nan, wannan asara ce babba.

Saboda haka shawarata, shekarar farko kada ka haɗa komai. Ka zauna ka gina mu'addal, kunnenka ya saba da Larabcin malamai, wanda wani lokaci yakan zame daga fusha, Larabcin littafi, zuwa harshen gari ba sanarwa. A zango na uku ka gwada darasi ɗaya tak na reshen, mafi tushe. In ka sha wuya ƙwarai a kansa, ka samu amsarka da araha.

Gargaɗi: in ka canza kwaleji a cikin jami'a ɗaya, tsofaffin makinka suna biyo ka cikin sijil. Canjin fanni ba ya wanke abin da ya wuce.

6. Bi ofisoshi da ƙafarka, ka karɓi komai a rubuce

Zuwa da kai ya fi aike. Fara da murshid akadimi, malamin da aka ɗora wa duba lamarinka. Je masa a sa'o'in ofis da takardar nan mai gida takwas a hannu. Da ka ce "ya duktur, ina son haɗa fanni biyu" hannu rabbana, zai ce maka ka maida hankali kan karatunka. Da ya ga ka yi lissafi, sai ya gyara zama ya ɗauki biro. Daga nan sai shugaban sashen da kake son shiga, sannan ofishin rajista, wanda shi ne mai magana ta ƙarshe.

Tambayoyi huɗu kada ka fita ba ka yi su ba. Shin ɗalibin minha yana da damar shiga wannan tsari, ko na 'yan ƙasa ne kawai? Ana biyan kuɗi? Me za a rubuta a takardar kammalawa, kuma a ina? In na kasa ƙarasa reshen, makin da na samu zai zauna cikin mu'addal ɗina?

Kuskurena na kaina a nan yake. Na samu wani malamin akanta mai kirki, na roƙe shi, ya ce "hayyakallah, zo ka zauna." Na yi zango guda ina halartar ajinsa ƙarfe takwas na safe, na cika littafi guda da rubutu, har gwajin tsakiyar zango na zauna. Da sakamako ya fito na buɗe sijil, babu ko alamar darasin. Ban yi rajistarsa a na'ura ba, na ɗauka yardar malami ta isa. Ilimin na nan a kaina, alhamdu lillahi, amma ranar da na nemi digiri na biyu aka ce in kawo shaidar na taɓa yin akanta, ba ni da abin nunawa. Abin da bai shiga na'ura ba, a wurin jami'a bai faru ba.

7. Daren rajista

Kwana biyu kafin a buɗe, rubuta lambobin shu'uba, wato rukunin aji, na kowane darasi, da na ko-ta-kwana. Sassa biyu ba sa shawara da juna wajen tsara jadawali, don haka ta'arud, karon lokaci, dole ne. Duba karon lacca, ka duba na jarrabawar ƙarshe, ka kuma duba nisan gine-gine. Minti goma tsakanin lacca biyu ba ya kai mutum daga wannan kwaleji zuwa waccan a zafin Satumba.

In an buɗe, fara kama darasin reshe, domin 'yan sashen ake fifitawa kuma kujerun baƙi kaɗan ne. Mukan zauna mu huɗu a ɗaki, filas ɗin shayi a tsakiya, kowa da wayarsa, shafi na ta juyawa, can sai ka ji wani ya ce "ta cika, wallahi ta cika." In ta cika, kada ka haƙura. Makon hazf da idafa, na cirewa da ƙarawa, mutane na sauka, kuma sashe na iya ƙara kujera in ka je da buƙata a rubuce.

Gargaɗi: wanda halartarsa ta gaza kashi 75 cikin 100 ana yi masa hirman, a hana shi jarrabawa, a lissafa shi cikin waɗanda suka faɗi. Darasi mai sa'a 3 a mako 15 lacca 45 ke nan, fashi 12 ya wuce iyaka. Mai jadawali biyu ya fi kowa saurin kaiwa nan, musamman lokacin Umara, da kawu zai sauka, gwaggo ta sauka, kowa na cewa "ai ɗanmu na can, shi zai zagaya da mu." Ka koyi cewa "Kawu, sai bayan la'asar zan samu fitowa."

8. Lissafin aljihu

Mukafa'a, kuɗin wata da aka daɗe ana bai wa ɗaliban digirin farko, riyal 850 ne ga fannonin adabi da addini, 1,000 ga na kimiyya, ana cire 10 na asusun ɗalibai. Tana tsayawa in ka wuce adadin shekarun da aka tsara wa fanninka, tana kuma tsayawa in mu'addal ya sauka ƙasa da 2.00 aka ba ka inzar, wato gargaɗi. Abokin nan nawa ɗan Gusau shekararsa ta ƙarshe da taimakon 'yan'uwa ya ci ta, kuma ɗalibin minha ba shi da izinin yin aiki. Ka tambayi ofishin kula da ɗaliban minha tun wuri abin da zai faru da masauki da tikiti in zango ya ƙaru.

Zangon bazara yana rage nauyi, amma shi ma da farashinsa. Mako 8 ne, ana ninka lokacin lacca, darasi mai sa'a 3 ya koma awa 6 a mako, fashin da ya wuce mako biyu ya isa a yi maka hirman. Sannan hutunka na gida ne ka sayar. Mai iyali a Kano ko Maraɗi ya yi shawara da su kafin ya yanke.

Sauran kashe-kashen: littattafan reshe, musamman na Turanci, sun fi na addini tsada nesa ba kusa ba, don haka nemi na hannu wurin waɗanda suka gama. Mai haɗawa da kwamfuta kuma waya ba za ta yi masa ba, sai ya tanadi kwamfutar tafi-da-gidanka.

Ga 'ya'yan mazauna nan, na Makka da Jidda da Madina, da suka yi sakandare a ƙasar: ku ta minha dakhiliyya, wato ta cikin gida, kuke shiga, da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta Ƙudurat da Tahsili, kuma haƙƙoƙinta ba lalle su zama ɗaya da na wanda ya zo daga waje ba. A sabunta iƙama kafin lokacin rajista.

9. Ɗaure su wuri guda a bahasi

Fanni biyu da ba su taɓa haɗuwa a aiki ɗaya ba, mai ɗaukar aiki zai gan su kamar kayan mutum biyu a jaka ɗaya. Bahasin kammalawa shi ne wurin ɗaure su. Ɗan Shari'a mai reshen tattalin arziki ya ɗauki murabaha, sayarwa da ribar da aka bayyana, ko ijara, ba da haya, ya duba yadda bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke aiki da su a gida, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus, ya gwada da ƙa'idojin AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain. Ɗan Larabci mai kwamfuta ga rubutun ajami nan jibge yana jiran mai mayar da shi cikin na'ura. Ka kai wa mai duba bahasinka maudu'in tun zangon da ya gabata, domin wani malamin ba ya son fita daga abin da ya saba, sai ka samu lokacin neman wani.

10. Tattara takardu kafin fitar ƙarshe

Kafin a buga maka khuruj niha'i, bizar fitar ƙarshe, karɓi wasiƙar takharruj (kada sunan ya ruɗe ka, ita ce takardar digirin) da sijil cikakke, na Larabci da na Turanci. Duba da idonka cewa reshen ya fito da sunansa. In bai fito a takardar digiri ba, nemi ifada, takardar shaida daga sashen, mai hatimi. Karɓi tausif na kowane darasin reshe, wato bayanin abin da aka koyar da adadin sa'o'insa, shi ma da hatimi, domin shi jami'ar gida za ta duba in za ta yafe maka wani darasi.

Duba rubutun sunanka harafi-harafi, ya yi daidai da na fasfo da na takardar sakandare. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai wata da watanni. Sannan ka kai takardun a tabbatar da su a Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya da ofishin jakadancin ƙasarka, na Najeriya yana Riyad, ƙaramin ofishin kuma yana Jidda. A gida, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke tantance digirin waje kafin bautar ƙasa, kuma za a nemi sakamakonka na sakandare, don haka ka haɗa shi cikin fayil ɗin tun daga nan. Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya ka aje a imel, asalin kuma ya shiga jakar hannu ranar tafiya, kada ya bi kayan awo.